Tambayoyi da Amsoshi Kan Hana Zaizayar Ƙasa da Kwararar Gurɓataccen Ruwa Daga Wuraren Gini

Waɗannan tambayoyi ne da masu fuloti, 'yan kwangila da shugabannin leburori suke yawan yi idan damina ta riske su da aiki a buɗe. Awon da aka bayar ya dace da ƙanana da matsakaitan wurare. Babban aiki irin na hanya ko rukunin gidaje sai injiniya ya yi masa nasa lissafin.

1. Me ya sa wurin gini yake zubar da ƙasa fiye da filin da ba a taɓa ba?

Abu uku ne suke haɗuwa a lokaci ɗaya. An kwashe ciyawa da saiwoyin da suke riƙe ƙasa, an tono wata ƙasar an tula ta sakwa-sakwa, sannan tayoyin tifa da katafila sun daddanne sauran filin har ruwa ba ya iya nutsewa. Manyan ɗigon ruwan sama suna faɗowa da gudun da ya kusa mita 9 a daƙiƙa. Idan suka faɗa kan ƙasa tsirara sai su farfasa ta, ɓarɓashin ya toshe ƙofofin da ruwa yake bi ya shiga ƙasa, fuskar ta yi ɓawo. Daga nan ruwan sai ya kwanta ya fara gudu.

Gudun shi ne abin tsoro. Idan saurin ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfinsa yana ninkawa sau huɗu. Da farko yana share saman ƙasa ne ba a lura ba, sai ya yi 'yan tsage-tsage masu zurfin yatsa, tsagogin su haɗu su zama kwari. A arewa abin ya fi muni da ruwan farko, domin yana zuwa da iska bayan wata shida ko bakwai na rani, ƙasa ta bushe ta zama gari, babu ko tsiro a kanta.

2. Ai ƙasa ce kawai. Wace illa take yi idan ta bi ruwa?

Yashin da ya fita daga fuloti ba ya nisa. A kwatar farko yake kwantawa, ya cike ta, ya toshe kwalbati, ruwa na gaba ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane, wanda ya rage ya kwanta sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Laka mai laushi kuwa tana kaiwa har rafi da dam, ta rage musu zurfi, ta toshe wa kifi hanyar numfashi, ta kuma ƙara wa matatar ruwa yawan alif ɗin da za ta zuba. Kuma ba ita kaɗai take tafiya ba: ruwan siminti, baƙin mai da ƙazantar bayan gida duk suna bin ta.

Mai aikin ma yana asara. Yashin da ya saya da kuɗinsa ne yake tafiya, ramin harsashi yana rufta, katangar da aka yi jiya ruwa yana cin gindinta. Manyan kwazazzaban da ake fama da su a cikin garin Gombe, da na Gayawa da Bulbula a Kano, da kwarurukan da suke zuba yashi a kogin Kwara a kewayen Yamai, suna nuna abin da ruwan gari yake yi wa ƙasa mai yashi idan aka tara shi aka sake shi ba tare da an karya masa gudu ba. Gyaran irinsu ne ya sa Najeriya ta karɓi rancen Bankin Duniya don shirin NEWMAP a 2012, daga baya kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja.

3. Ruwa nawa ne yake fita daga fuloti ɗaya?

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kusan murabba'in mita 450. Ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, yana sauke lita 13,500 a kansa, wato durom 67 na lita 200. A filin da ke da ciyawa mafi yawansa yana nutsewa. A filin da aka share aka danne, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na iya gudu.

Don babban fili injiniyoyi suna ninka abu uku: kason ruwan da yake gudu, ƙarfin ruwan a milimita cikin awa ɗaya, da faɗin fili a hekta, sai su raba da 360. Hekta ɗaya, kaso 0.6, ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa, ya ba da kubik mita 0.1 a daƙiƙa, wato lita 100 kowace daƙiƙa. Wannan adadin ne ake auna girman magudana da shi, ba ido ba.

4. Daga ina ya kamata a fara?

Kafin katafila ta shigo, a zaga filin, in so samu ne lokacin da ake ruwa ko jim kaɗan bayan an ɗauke. A zana a takarda inda ruwa yake shigowa daga waje, inda yake bi, da inda yake fita. A kan wannan zanen ake sa wurin ajiye yashi, ƙofar motoci, wurin kwaɓa siminti da ramin tare laka.

Tsarin aikin yana da gaba da baya, kuma nan ne mutane da yawa suke juya shi. Na farko, a rage ƙasar da aka tsiraita (tambaya ta 5). Na biyu, a kautar da ruwa mai tsabta kada ya ratsa wurin aiki (ta 6). Na uku, a rufe duk ƙasar da ba a aiki a kanta (ta 7 da ta 8). Shinge da ramin tare laka, waɗanda kowa yake fara tunawa da su saboda ana ganinsu, su ne na ƙarshe, aikinsu kama abin da ya kuɓuce. Ƙasar da ba ta tashi ba ba ta buƙatar a kama ta, kuma babu shingen da yake kama yumɓu idan ya riga ya narke a ruwa (ta 13).

5. Wane lokaci ya fi dacewa a share fili a yi haƙa?

Daga Nuwamba zuwa Maris, ta yadda harsashi, cikon ƙasa da magudanai za su kammala kafin ruwan farko. A Abuja da kudancin Kaduna ruwa yana iya sauka tun Afrilu, a Kano, Katsina da Sakkwato yakan kai Mayu ko Yuni. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa a kowane yanki. Yuli da Agusta, lokacin marka, su ne mafi munin lokacin buɗe sabuwar ƙasa.

Idan dole ne a yi aiki da damina, a riƙa sharewa kashi-kashi. Ba a share hekta biyar don za a yi gini a kan ɗaya. A bar zirin ciyawa mai faɗin mita 3 zuwa 5 a gefen da ruwa yake fita, a kewaye shi da igiya ko turaku don direbobi su gani, in kuwa akwai rafi kusa, a bar mita 15 ko fiye. Ƙa'idar da ake bi a Amurka tana da amfani a aro: duk ɓangaren da za a bar shi ba aiki har kwana 14, a rufe shi.

6. Ruwan maƙwabta yana ratsa fulotina. Yaya zan yi da shi?

A tare shi a gefen tudu da 'yar magudana, a tula ƙasar da aka tono a gefenta na ƙasa, a danne ta sosai ta zama kunya mai tsayin kusan santimita 45. Magudanar ta riƙa gangarawa a hankali, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, har ta kai ruwan wurin da dama can yake fita. In ta fi haka gangara za ta ci kanta, sai an shimfiɗa mata duwatsu ko an sa 'yan madatsai (ta 11). Kada a karkatar da ruwan zuwa katangar maƙwabci, wannan ba magani ba ne, rigima ce za ta kai gaban mai unguwa.

Da zarar an ɗora kwano sai wani sabon ruwa ya bayyana. Rufin murabba'in mita 200 yana zubo lita 6,000 a ruwan milimita 30, duka a layi ɗaya a gindin bango. A sa indararo da bututu na wucin gadi a kai shi tanki, ko a kai shi kwata kai tsaye tunda mai tsabta ne. Ruwan da aka tara yana maganin sayen na tanka don jiƙa bulo.

7. Da me ake rufe ƙasar da aka tsiraita?

Mafi arha shi ne busasshiyar ciyawa ko karan shinkafa, kimanin rabin kilo a kowane murabba'in mita, a baza har ƙasar ta daina bayyana sai ɗan kaɗan. Iskar hadari tana kwashe ta, don haka a tura ta cikin ƙasa da bakin shebur layi-layi, ko a danne da karan dawa a kafe da turaku. Ɓuntun shinkafa ba ya aiki a gangara, yawo yake a kan ruwa. A gangara mai tsauri zana ko buhun algarara da aka farke sun fi: a binne bakinsu na sama a rami mai zurfin santimita 15, a shimfiɗa su daga sama zuwa ƙasa, na sama ya hau kan na ƙasa, a kafe su har su manne da ƙasa. Idan aka bar sarari a ƙarƙashi, ruwa yana ci ta ciki ba a gani.

Gara da awaki suna cin wannan rufin, don haka sai an riƙa ƙarawa. Inda motoci ko masu baro suke bi, tsakuwa ko burji da aka danne ya fi. Leda da tampol suna hana zaizaya ɗari bisa ɗari a inda suka rufe, amma duk ruwan suna turo shi gindinsu da gudu, sai an tanadi inda zai sauka.

8. Wace ciyawa ce take riƙe ƙasa?

Kiri-kiri tana yaɗo ta rufe fili da wuri, tana kuma jure taku. Gamba tana da kyau a kan kunya da gefen fili inda tsayinta ba zai dami kowa ba. Jema ita ce ta gangara da bakin kwari: ana dasa 'ya'yanta a layi ɗaya a kwance da gangarar, tazarar santimita 10 zuwa 15, ta haɗe ta zama shinge mai rai, saiwarta kuma tana nutsawa ƙasa sosai maimakon ta bazu. Tana buƙatar wata biyu zuwa uku kafin ta kama, saboda haka a dasa ta a farkon damina, a rufe tsakanin layukan da ciyawa kafin nan.

Ciyawa ba ta kamawa a jar ƙasar da aka tono daga zurfi. Shi ya sa ake kwashe baƙar ƙasar sama, santimita 10 zuwa 15, a ajiye ta daban tun ranar farko, a mayar da ita idan an gama. Gangarar da za a shuka kada ta fi mita ɗaya a tsaye ga kowace mita biyu a kwance, mita uku ta fi a ƙasa mai yashi.

9. Yashi da tsakuwar da tifa take zubewa a bakin titi fa?

A cikin gari wannan yana cikin manyan abubuwan da suke cike kwatoci. A sa tifa ta zuba a cikin fili, nesa da kwata da hanyar ruwa. A jera bulo layi biyu ko buhunan yashi a gefen ƙasa na tulin, a rufe shi da tampol a danne da bulo duk yamma. In babu wuri a ciki ko kaɗan, a rufe kwatar da katako a daidai wurin, a sayi abin da za a gama da shi a kwana biyu ko uku.

10. Yaya ake kafa shingen tare laka, kuma me ya sa yake yawan faɗuwa?

Shingen yadi ne na roba mai ƙananan ƙofofi, jiyotekstayil, da ake ɗaurawa a turaku. Aikinsa ya tsayar da ruwa ya zama ɗan tafki don yashi ya kwanta. A tona rami mai zurfin santimita 15 a layin da yake daidai wa daida, ba mai gangara ba, tiyon ruwa na birkila ya isa a auna. A sa gindin yadin a ramin, a lanƙwasa shi ta gefen tudu, a mayar da ƙasa a danne. Turaku su kasance a bayan yadin, gefen gangara, a kafe su santimita 40 zuwa 45 a ƙasa, tazararsu kada ta wuce mita 2. Tsayin yadin a sama santimita 45 zuwa 60. Ƙarshen shingen biyu a karya su su haura tudu, in ba haka ba ruwan zagayawa zai yi. Inda yadi biyu suka haɗu a naɗe su tare a jikin turke ɗaya. A janye shingen mita ɗaya ko biyu daga gindin gangara don ruwa ya samu wurin kwanciya.

Faɗuwarsa kusan kullum daga abu huɗu ne. Ba a binne gindin ba, ruwa ya bi ta ƙasa. An kafa shi yana gangarawa, ya zama magudana ya tara ruwan duka a kusurwa ɗaya. An ɗora masa fili mai yawa: mita 30 na shinge bai kamata ya ɗauki fiye da murabba'in mita 1,000 ba, kuma gangarar da ke bayansa kada ta wuce mita 30. Ko kuma an gicciya shi a cikin kwata ko kwari, inda ba wurinsa ba ne sam. Laka in ta kai sulusin tsayinsa a kwashe, kada a jira ta kai rabi. Rana tana cin yadin, da wuya ya wuce damina ɗaya.

Inda ba a samun yadin, layin buhunan yashi biyu da aka jera irin jerin bulo, ko kunyar tsakuwa, suna yin aikin. Gidan sauro da buhun shinkafa da aka rataya ba a binne ba ado ne kawai.

11. Magudanar da na tona tana ƙara zurfi da kanta. Me zan sa?

'Yan madatsai na duwatsu masu girman santimita 10 zuwa 20, ko buhunan yashi. Tsayin kowace kada ya wuce santimita 50 zuwa 60, tsakiyarta ta fi gefunanta ƙasa da santimita 15 don ruwa ya tsallake ta tsakiya, gefunan kuma a cusa su cikin bangon magudanar. Wanda ya yi ta a miƙe zai ga ruwa ya zagaya ya buɗe sabuwar hanya a gefe. A zuba duwatsu a gabanta inda ruwan yake faɗawa.

Tazarar tana bin gangara: gindin madatsar sama ya yi daidai da kan ta ƙasa. A raba tsayin madatsa da gangarar. Madatsa mai santimita 50 a gangarar santimita 2 cikin mita tana buƙatar mita 25 tsakani, a gangarar santimita 5 kuwa mita 10. Wannan na ƙananan magudanai ne. Kwazazzabon da ya riga ya fi tsayin mutum ba aikin buhu ba ne, sai kwandunan waya masu duwatsu ko kankare bisa zanen injiniya.

12. Yaya girman ramin kwantar da laka?

Ma'aunin da aka saba da shi a Amurka ya yi daidai da kubik mita 250 ga kowace hekta, wato lita 25 ga kowane murabba'in mita da ke zuba ruwa a ramin. Ruwanmu yana sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci, don haka a ɗauki wannan a matsayin mafi ƙaranci. Fuloti mai murabba'in mita 450 yana buƙatar kusan kubik mita 11: tsawo mita 5, faɗi 2.5, zurfi santimita 90, a ƙara kaɗan saboda bangon da za a kwantar.

Siffa tana da muhimmanci kamar girma. Tsawon ya ninka faɗin aƙalla sau biyu, ruwa ya shiga ta ƙarshe ɗaya ya fita ta ɗayan. In mashiga da mafita suna kusa, ruwan zai wuce kai tsaye da lakarsa. Mafitar a yi ta da duwatsu, ta fi gefen ramin ƙasa da santimita 30, ruwa ya fita ta sama. A tona ramin kafin a share filin, nesa da harsashi. A kwashe laka in ta kai rabi, a zuba ta inda ba za ta dawo ba.

Rami mai ruwa a unguwa haɗari ne ga yara. A kewaye shi da waya ko kwano, kuma kada ruwa ya wuce kwana uku a ciki saboda sauro.

13. Ruwan yana fita daga ramin har yanzu ja. Ramin bai yi aiki ba ke nan?

Ya kama abin da zai iya kamawa. A ruwan da yake tsaye cik, yashi mai laushi yana nutsa mita ɗaya cikin kusan minti biyu, turɓaya mai laushi tana ɗaukar kusan minti 45, yumɓu kuwa kwana uku ko fiye. Jan da ake gani yumɓu ne. Maganinsa na gaskiya yana cikin amsar tambaya ta 7. Abin da zai taimaka a nan shi ne a gicciya buhun algarara layi biyu ko uku a cikin ramin don rage motsin ruwa, sannan a sake ruwan a kan ciyawa ya bazu. Alif yana kwantar da yumɓu, amma yana sa ruwa ya yi tsami, yawansa kuma yana kashe kifi. Ba a zuba shi da ka, sai an gwada a bokiti an auna, kuma bai dace ba inda ruwan zai shiga rafi ko tafkin kifi kai tsaye.

14. Ramin harsashi ya cika da ruwa. Zan iya zuƙe shi in tura kwata?

Ba kai tsaye ba. A bar shi ya kwana ya kwanta in aikin zai jira. A ɗaure bakin tiyon injin a jikin jarka ya riƙa sha daga sama, ko a sa shi cikin bokiti mai huji da aka kewaye da tsakuwa. A tura ruwan zuwa ramin da aka bayyana a tambaya ta 12 ko kan ciyawa, a sa duwatsu a inda yake zuba. In an ga mai yana sheƙi a kai, ko ruwan ya taɓa ɗanyen kankare, a bi abin da ke tambaya ta 16 da ta 17.

15. Tayoyin tifa suna fitar da laka kan kwalta. Akwai dabara?

A yi ƙofa ɗaya tak, a shimfiɗa mata manyan tsakuwa masu girman santimita 5 zuwa 8, kaurin santimita 15, a kan yadin jiyotekstayil don kada su nutse. A babban wuri tsawonta ya kai mita 15, a ƙaramin fuloti gwargwadon abin da wuri ya bari. Ƙananan tsakuwa ba sa girgiza taya, maƙalewa suke su fita tare da motar. Abin da ya kai titi a kwashe da shebur da tsintsiya a ranar, kada a wanke shi da ruwa zuwa kwata.

16. A ina za a wanke injin kwaɓa kankare da baro?

Ruwan siminti yana da kaifi irin na soda, ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami ko kaifin ruwa, yana kai 12, alhali ruwan sha yana wajen 7. Yana ƙona fata, yana kashe shuka da kifi, in ya shiga kwata kuma ya daskare ya rage mata faɗi har abada. A tona rami ko a jera bulo a yi akwati, a shimfiɗa leda mai kauri wadda ba ta da huji, aƙalla mita 15 daga kwata, rijiya ko rafi. Duk wanki a yi shi a nan, har da na shebur da kwanon ɗaukar kankare. A rufe shi in hadari ya taso, a daina amfani da shi in ya cika kashi uku cikin huɗu. Ruwan zai ƙafe, abin da ya daskare a farfasa a yi ciko da shi. Kwaɓa siminti a kan kwalta, wanda ya zama ruwan dare a unguwanni, yana kai duka wannan kwata da ruwan farko.

17. Man gas, baƙin mai, fenti da bayan gida fa?

Janareta da duroman mai a ɗora su a kan daɓen siminti mai ɗan bango kewaye, wanda zai iya riƙe abin da ya ɗan fi cikin durom mafi girma, kashi 110 cikin ɗari ne ma'aunin da aka saba, a kuma yi masa rumfa. A ajiye bokitin yashi ko garin katako kusa. In mai ya zube a tsotse shi da su a kwashe, ba a kora shi da ruwa. Baƙin mai a tara a jarka a ba masu saye. Fentin mai da sinadarin tsinka shi, da maganin gara da ake fesawa a harsashi, ba a zubar da ragowarsu a ƙasa, kuma ba a fesa maganin gara ana sa ran ruwa.

Leburori suna buƙatar masai tun ranar farko. A yi shi aƙalla mita 30 daga rijiya, a wuri mai ɗan tudu da ruwa ba ya bi. Buhunan siminti da ledojin ruwa a tara su a rufe.

18. Me ya sa ƙasa take rufta daidai bakin kwalbati ko ƙarshen kwata?

Kankare santsi ne da shi, ruwa yana fita daga cikinsa da gudun da ƙasa ba za ta jure ba. Sai ya tona rami a gaba, ramin ya ci baya ta ƙarƙashin kwatar, ta karye gaɓa-gaɓa. Kwazazzabai da yawa a gefen hanyoyi daga nan suka faro. A shimfiɗa duwatsu masu santimita 15 zuwa 30 a kan jiyotekstayil, shimfiɗar ta kwanta ba gangara, faɗinta a baki ya ninka faɗin bututun sau uku tana ƙara buɗewa, tsawonta ya ninka shi aƙalla sau huɗu. A ƙarshenta a tona rami a cika da duwatsu don ruwa kada ya ci ta daga gaba. Kwata kuma ba a tsayar da ita a tsakiyar gangara don kuɗi sun ƙare, a kai ta har ƙasan kwari.

19. Me doka ta ce?

A Najeriya dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka yin nazari da samun amincewar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin a fara. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idoji biyu na 2011 da suka shafi wannan kai tsaye, ɗaya kan harkar gine-gine, ɗaya kan zaizayar ƙasa da ambaliya. A jihohi, hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su suke ba da izinin gini, kuma gini a kan hanyar ruwa ko toshe magudana yana cikin abin da ake rusawa ko a ci tara a kai. A Nijar ofishin BNEE ne yake duba nazarin muhalli na manyan ayyuka. Kwangilar da Bankin Duniya yake biya tana zuwa da nata sharuɗɗan muhalli a rubuce.

Mai ba da kwangila ya sa waɗannan ayyuka a cikin takardar farashi, kowane da kuɗinsa. Abin da ba a sa masa kuɗi ba ɗan kwangila ba zai yi ba.

20. Sau nawa ake dubawa, kuma yaushe ake cire kayan?

Sau ɗaya a mako, da kuma cikin awa 24 bayan duk ruwan da ya gudu a ƙasa. A ɗora wa mutum ɗaya aikin da sunansa. Ya fara daga inda ruwa yake barin filin, in ya ga yashi a waje ya bi sawunsa baya har inda ya taso. Ya duba gindin shinge, gefunan madatsai, zurfin laka a rami, tampol ɗin tuli da ledar ramin wanki, ya ɗauki hoto da waya. Tsagar da ta kai zurfin yatsa a cike ta a rufe kafin ruwa na gaba.

Ana cire shinge da madatsai ne bayan an gama daɓe da kwatoci, ciyawa kuma ta rufe aƙalla kashi 70 cikin ɗari na sauran ƙasar. A fara kwashe lakar da ke bayansu, a cire yadin da turakun, a cike ramuka a danne, a shuka wurin. In gini ya tsaya saboda kuɗi, kamar yadda yakan faru, kada a cire komai: a rufe tulin ƙasa, a cike ramukan da yara za su iya faɗawa, a bar wa mai gadi shebur da buhuna ashirin ko talatin na gyara.